Ba Sai An Je Legas Ba: Yawon Buɗe Ido A Bakin Kogin Haɗeja

Uwargida, duk wadda ta taɓa sauka a Jidda lokacin aikin Hajji takan dawo da labarin bakin teku da dogayen benaye. Wadda ta je Legas kuwa ba ta rasa zancen manyan jiragen ruwa da ke jere a Apapa. Sau da yawa yara kan ji irin wannan hira su ɗauka abin kallo sai a can nesa. Alhali kuwa a nan jihar Jigawa akwai ruwan da Turawa ke ƙetaro teku domin su gani, ga shi 'ya'yanmu da yawa ba su taɓa tsayawa a bakinsa ba.

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa. Idan ya wuce garin Haɗeja sai ya bazu cikin fadamu, ya haɗu da kogin Jama'are, daga nan su zama Komadugu Yobe wanda ke zuba a Tafkin Chadi. Wannan shimfiɗar ruwa ita ake kira dausayin Haɗeja da Nguru. A shekarar 2008 aka sanya dajin Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, a jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Idan hunturu ya kama, tsuntsaye kan taso daga ƙasashen Turai su ƙetare hamadar Sahara su sauka a nan, su tarar da na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Da sassafe za ki ga masunta suna tura kwalekwale, ga gonakin shinkafa da na alkama iya ganinki. Kasuwar kifi ta Haɗeja ma abin kallo ce, domin daga nan ake lodin bandar tarwaɗa zuwa garuruwan kudu. Har riɗin da ake nomawa a Jigawa, da yawansa a tashar Legas yake shiga jirgi. Ashe ke nan jiragen da ake ba mu labari, wani kayan nasu gumin manomanmu ne.

Kafin a fita bakin ruwa, yana da kyau maigida ya zaga da iyali ta ƙofar fadar Sarkin Haɗeja. Nan ne za a ba yara tarihin Sarki Muhammadu, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har ya yi shahada a shekarar 1906.

Sai dai 'yar'uwa, kogin nan ba kamar yadda kakanninmu suka san shi yake ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamu kowace shekara ta ragu, wasu hanyoyin ruwa kuma suka daina ƙafewa da rani. Wannan ya ba ciyawar kacala damar mamaye su. Ita kacala tana toshe hanya, ta hana kwalekwale wucewa, ta zama maɓoyar jan baki masu cinye hatsi. Idan damina ta yi ƙarfi kuma ruwa ya rasa mafita, sai ya afka gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Yaron da ya ga haka da idonsa ya fi saurin gane dalilin tsadar shinkafa a kan wanda aka karanta masa a aji.

Ga abin da ya kamata ki kiyaye. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kada a je a Agusta ko Satumba da kogi ke cike. Kada ki yarda a shiga kwalekwalen da aka cika maƙil, ko bayan faɗuwar rana, domin lodi fiye da kima da tafiyar dare su ne kan jawo kifewa. A nemi matuƙi ɗan gari wanda ya san ruwan, a kuma tambayi rigar kariya. Ki hana yara wanka a ruwan da ke kwance, saboda nan ake ɗaukar tsargiya. Idan kin ga jini a fitsarin yaro, ki kai shi asibiti, akwai magani. Ki riƙo ruwan sha da abinci daga gida, tare da rigunan sanyi da tabarmar sallah.

Tafiyar ba ta buƙatar kuɗin jirgin sama, kuɗin mota da guzuri sun isa. Ku zauna da maigida ku tsara ta a hutun makaranta mai zuwa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, amin.