Sabuwar Bindiga Ba Ta Yin Maharbi: Darasin Gasar Harbi Ga Ƙasar Maska

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙasar Maska ya san akwai lokacin da jin ƙarar bindiga ba ya tayar wa kowa da hankali. Idan an kawar da dawa da masara, aka cire auduga, rani ya kama, sai maharba su rataya adakarsu su shiga daji neman zomo da gada da makwarwa da zabin daji. Ranar hawan Salla kuwa 'yan bindigar sarki su yi ta ɓarin albarushi, yara na tsalle suna toshe kunne. Yau lamari ya sake. Daga Funtuwa zuwa Faskari, daga Sabuwa da Ɗandume zuwa Malumfashi, mace in ta ji harbi da dare, abin da za ta fara yi shi ne ta lalubo 'ya'yanta. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, sa'ad da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara.

To, a cikin wannan hali me ya kai mu ga zancen gasar harbi? Dalili shi ne bindiga ta riga ta shiga hannun samarinmu da yawa, waɗansu 'yan sa-kai ne, waɗansu kuma suna cikin rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023 da matasa sama da 1,400. Ga shi kuwa a duniya babu inda aka fi horar da mutum kan ladabin riƙe bindiga kamar filin gasa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu leƙa can, mu ga yadda gwanaye suke yi da sabuwar bindiga idan ta zo hannunsu.

Yadda gasar take

Harbin bara yana cikin wasannin Olamfik tun karon farko a birnin Atina na ƙasar Girka a 1896. Ƙungiyar da ke kula da shi a duniya, wadda ake kira ISSF, an kafa ta a 1907, hedkwatarta kuma tana birnin Munik na ƙasar Jamus. Galibin bindigogin gasar ma Jamusawa ne ke ƙera su, irin su kamfanonin Anschütz da Feinwerkbau da Walther.

Gasar da aka fi sani ita ce ta bindigar iska daga nisan mita 10. Wannan bindiga ba ta aiki da albarushi, matsattsiyar iska ce da ke cikin wani ɗan tulu take tura ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5, wadda nauyinta bai wuce kamar rabin giram ba. Tsakiyar abin barar, wato inda ake cin maki 10, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar ɗigon alƙalami a ƙarshen jimla. Mutum yana tsaye, babu abin jingina, babu madubin da ke kusanto da nesa, zai yi harbi 60 cikin minti 75. Tun daga 2013 ake raba kowane maki gida goma, mafi kyawun harbi shi ne 10.9, jimla mafi girma kuma 654. Mutum takwas da suka fi maki su ne ke shiga zagayen ƙarshe. Akwai kuma gasar mita 50 da ƙaramin harsashi mai kaurin milimita 5.6, inda ake harbi a durƙushe, da rub-da-ciki, da kuma a tsaye.

Domin a gane ƙanƙantar ratar da ke tsakanin gwanaye, a wasannin Faris na 2024 wata yarinya 'yar Koriya ta Kudu mai shekara 16, Ban Hyojin, ta yi kunnen doki da Huang Yuting ta ƙasar Sin. Aka ce kowacce ta yi harbi ɗaya na raba gardama. Ban ta sami 10.4, abokiyar karawarta ta sami 10.3. Wannan ɗan bambanci shi ya raba zinariya da azurfa.

Idan sabuwa ta zo hannu

Tsofaffin maharbanmu sun san cewa kowace adaka da halinta. Maƙeri ɗaya zai ƙera biyu, wata ta riƙa ɗaukar hagu, wata ta riƙa yin sama. Maharbin kirki ba ya karɓar bindiga daga maƙera yau ya shiga daji da ita gobe, sai ya gwada ta a kututture ya san inda take zuba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da gwanayen gasa ke yi ke nan, sai dai su sun mai da shi tsari, mataki bayan mataki.

Mataki na farko shi ne daidaita bindigar da jikin mai ita. Adaka yadda ta fito haka za ka ɗauke ta, amma bindigar gasa kusan kowace gaɓa tata tana motsi. Ana tsawaita gindinta ko a rage shi daidai da tsawon hannu, ana ɗaga madafar kunci har ido ya zo daidai da kafar saiti ba tare da an karkatar da wuya ba, ana kuma ƙara mata 'yan ƙarafa a gaba ko a baya don nauyinta ya zauna, muddin dai ta iska ba ta haura kilo 5.5 da doka ta yarda ba. Masu koyarwa suna gargaɗin kada a taɓa abu biyu a lokaci guda. Ka gyara ɗaya, ka gwada, ka rubuta a littafi, sannan ka matsa gaba. In ba haka ba, ranar da harbi ya lalace ba za ka san wanne ne ya jawo ba.

Na biyu shi ne sabawa da kunama. Kunamar bindigar gasa tana da laushi ƙwarai, taɓawa kaɗan ta isa ta tashi. Saboda haka kafin a sa ƙwaya ko ɗaya, sai mutum ya yi kwanaki yana ɗagawa, yana aunawa, yana latsawa a wofi, har yatsa ya san daidai inda take sakin kanta. Ana latsa ta a hankali ne, ba a fizga. Ana kuma harbi a ɗan tsakanin da mutum ya saki numfashi bai ja wani ba, domin a nan ƙirji yake natsuwa. Idan daƙiƙoƙi suka wuce harbi bai fita ba, gwani yakan sauke bindigar ya sake sabon shiri. Wannan saukewa ita ce abin da ya fi yi wa sabon shiga wuya.

Na uku shi ne gyaran saiti. A nan ma akwai hikima. Ba a duba inda harbi ɗaya ya faɗa a ce za a gyara. Sai an yi biyar ko goma, a ga ko sun taru wuri guda. In sun taru, ko da a gefe ne, to bindiga da mai ita sun daidaita, abin da ya rage a murɗa maɓallin saiti a jawo taron zuwa tsakiya. In kuwa sun watse ko'ina, laifin ba na ƙarfe ba ne, mai riƙe da shi ne bai natsu ba.

Na huɗu shi ne zaɓen harsashi. Cikin bututun adaka sumul yake, shi ya sa take watsa dalma. Na bindigar gasa kuwa yana da zare a ciki mai murɗawa, wanda ke sa ƙwayar ta fita tana juyi, ta tafi sak. Amma duk da haka kowane bututu da irin ƙwayar da ta fi karɓarsa. Manyan 'yan wasa sukan ɗaure bindigar a maƙalli, su gwada kashi-kashi na harsashi daga kamfani ɗaya, wanda ya fi taruwa shi za su saya da yawa su ajiye.

Labarin Matiyu Emmons

Wani Ba'amurke mai suna Matiyu Emmons ya nuna wa duniya inda gwaninta take zaune. Gab da zaɓen waɗanda za su wakilci Amurka a wasannin Atina na 2004, ya tarar an lalata masa bindigarsa. Sai ya ari ta wata abokiyar wasansa ta jami'a, da ita kuma ya ci lambar zinariya a harbin rub-da-ciki na mita 50. Bindigar aro ce, amma horon nasa ne.

Bayan kwana biyu, a gasar harbi iri uku, yana kan gaba da maki 3, saura harbi ɗaya tak. Ya auna, ya harba, allo bai nuna kome ba. Ashe yana layi na 2 ne ya harbi abin barar layi na 3. Aka ba shi sifiri, ya faɗo daga na ɗaya zuwa na takwas, Jia Zhanbo na ƙasar Sin ya ɗauki zinariya. A wasannin Bejin na 2008 kuma, yana kan gaba har harbin ƙarshe, sai yatsansa ya taɓa kunama kafin ya gama aunawa, ya sami 4.4, ya ƙare a na huɗu.

'Yan'uwa, mu dubi waɗannan kurakurai biyu da kyau. Na farko, bai tabbatar da abin da yake harbi ba. Na biyu, yatsa ya riga hankali. A filin gasa abin da ya rasa lambar yabo ce. A bakin gona da dare, ko a wurin biki inda ake harbi sama don murna, irin wannan kuskure ran mutum yake ci, wani lokaci ma ran maƙwabci ne da ya fito kewaya. Idan gwanin duniya zai yi haka, ina ga yaron da aka miƙa wa bindiga jiya?

Doka da ladabi

A filin gasa ba a wasa da ƙa'ida. Kowace bindiga ana ɗaukarta tamkar a ɗure take. Bakinta ba ya kallon mutum ko da wasa. Yatsa ba ya zuwa kan kunama sai an auna. Idan ba a harbi, ana buɗe ta a zura mata wata 'yar igiya mai launi don kowa ya gani babu kome a ciki. Alƙalin fili in ya ce a tsaya, kowa ya tsaya nan take, wanda ya saɓa kuwa ana iya korarsa daga gasar.

Dokar ƙasarmu ma ba ta yi shiru ba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na soja an haramta wa farar hula sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta da na wasa, har da bindigar iska, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Adaka da ire-irenta kuwa suna ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Kada wani ya karanta wannan shafi ya tafi neman bindiga ta bayan fage.

Abin da ya rage gare mu

Bindigar gasa tana da tsada, ba abin da manomi zai saya da kuɗin auduga ba ne. Amma tarbiyyar da ke tattare da ita kyauta ce. Muna kira ga shugabannin 'yan sa-kai da sarakunan baka na ƙasar Maska da kewaye, kada a miƙa wa yaro bindiga sai an zaunar da shi an koya masa waɗannan ƙa'idoji, an kuma gwada haƙurinsa kafin a gwada saitinsa. Iyaye kuma da ke ajiye adaka a ɗaki, a sauke ɗurinta, a raba ta da albarushi, a ɗaga ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Masu biki su haƙura da harbi sama, domin abin da ya hau sai ya sauko.

Hukumar wasanni ta jiha ma tana da rawar takawa. Filin mita 10 bai fi zauren makaranta ba. A 2008 Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinariyarta ta farko ta mutum ɗaya a Olamfik da bindigar iska, bayansa kuma matasan ƙasar suka yi ta shiga wasan. Ƙasar da ta haifi maharba masu samun makwarwa tana tashi ba za ta rasa yaro mai ido da natsuwa ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kawo mana ranar da za a ji ƙarar bindiga a Maska, uwa ta ci gaba da tuƙa tuwonta.