Cakulan: Zaƙi a Baki, Amma Me Yake Yi a Jiki?

Bayan kakar bara na kai ziyara wani ƙauye inda muke da ƙungiyar manoma. Da aka tashi daga taro, sai matar ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ta roƙe ni in shiga gida in dubi ɗanta. Yaron ya shekara biyu da 'yan watanni, amma ya rame, gashin kansa ya yi ja-ja, ba ya son wasa.

Ta ce, "Malam, ban san abin da yake damunsa ba. Kullum safe sai na dama masa na gwangwani." Ta ɗauko gwangwanin garin koko irin wanda ake sha da ruwan zafi. Ni kuwa na ga kaji suna kiwo a tsakar gida, sai na ce, "Uwargida, ƙwan kajin nan fa, yana ci?" Ta ce, "Ai ƙwan nake tarawa in kai kasuwa, da kuɗin nake sayen wannan."

Ban ga laifinta ba, gama ƙaunar ɗanta ce ta sa ta yi haka. Ta ji ana cewa abin yana ba da ƙarfi, ta kuwa gaskata. Tun ran nan na ƙudura in rubuta mana bayani a kan koko da cakulan, domin mu san amfaninsu, mu kuma san iyakarsu.

DAGA INA YA FITO?

Kokon da muke magana a kansa ba wanda muke sha da ƙosai ba ne. Wannan itace ne na kurmi, mai son ruwan sama da yawa da inuwa, shi ya sa ba ya yi a yawancin ƙasarmu ta arewa. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne. Mutanen Meziko na dā sukan niƙa ƙwayarsa su dama da ruwa da barkono su sha da ɗacinsa, har ma sukan yi ciniki da ƙwayar a maimakon kuɗi. Turawan Sifen ne suka kai shi Turai, su ne kuma suka fara zuba masa sukari.

A shekarar 1828 Van Houten na ƙasar Holan ya fito da injin matse man koko, aka sami gari mai saurin damuwa a ruwa. A 1847 kamfanin Fry a birnin Biristol na Ingila ya yi cakulan mai ƙarfi wanda ake gutsura a ci. A 1875 kuma Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa shi da madara.

A shekarar 1879 wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya kawo irin koko ƙasar Gana daga tsibirin Fanando Po. Yau Gana da Kwaddibuwa su biyu suna noma fiye da rabin kokon duniya. A Nijeriya ana nomansa a jihohin Ondo, Oyo, Oshun da Kuros Riba, da kuɗinsa ne aka gina dogon benen nan na Cocoa House a Ibadan a 1965. Waɗanda suka taɓa zuwa ƙodago a kurmi a cikinmu sun san aikin. A fasa kwanson, a kwashe ƙwayoyi 30 zuwa 40 da suke ciki, a tara su a rufe da ganyen ayaba wajen kwana shida su ruɓa kaɗan, sa'an nan a shanya a rana. Wannan rufewa ita take fito da ƙanshin. Bawon kwanson ma ba ya zama banza, ana ƙona shi a yi sabulun salo da tokarsa.

ME YA SA YAKE DA DAƊI?

Kusan rabin ƙwayar koko mai ne. Man nan yakan narke a zafin da bai kai na jikin mutum ba, shi ya sa cakulan yake narkewa a kan harshe, shi ya sa kuma yake ɓata aljihun yaro a lokacin bazara. Na tuna ran da na fara ɗanɗana shi, muna kwalejin horon malamai, wani abokina ya gutsura mini ɗan kaɗan. Na daɗe ina juya shi a baki don kada ya ƙare.

Akwai kuma wani abu. Koko da goro dangi ɗaya ne a cikin itatuwa. Sinadaran nan biyu masu wartsakar da mutum, wato kafin da tiyobiromin, suna cikinsu duka biyu. Goro ya fi yawan kafin, koko kuwa ya fi yawan tiyobiromin, wanda aikinsa ya fi sauƙi. Saboda haka wanda ya sha koko yakan ji ɗan kuzari, amma wannan kuzari ba ƙarfin da abinci yake bayarwa ba ne. Ai duk mun san goro yana kore gyangyaɗi, amma ba wanda ya taɓa ƙoshi da shi.

AMFANINSA GA LAFIYA

Gaskiya ne akwai abin kirki a cikin koko. Yana da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, da kuma wasu sinadarai masu ɗaci da ake kira filabanol, waɗanda suke sa jijiyoyin jini su ɗan saki. Da likitoci suka tattara gwaje-gwaje masu yawa, sun ga koko mai yawan filabanol yana rage hawan jini, amma kaɗan ƙwarai, wajen maki 2 a awon da ake yi a asibiti. Mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa saboda wannan.

A shekarar 2022 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji a Amurka. Tsofaffi fiye da 21,000 suka shiga, aka bi su fiye da shekara uku. An ba rabinsu ƙwayar magani mai ɗauke da filabanol na koko, sauran kuwa aka ba su ƙwaya marar kome a ciki. Da aka ƙidaya cututtukan zuciya duka gaba ɗaya, bambancin bai kai yadda za a tabbatar ba. An dai ga waɗanda suka mutu da ciwon zuciya sun fi kaɗan a cikin masu shan na koko, amma masu gwajin da kansu suka ce sai an ƙara bincike. Mu lura kuma, ƙwayar magani aka ba su, babu sukari, babu mai. Ba alewa suka sha ba.

INDA MATSALA TAKE

Koko tsantsa yana da ɗaci, mutane kaɗan ne za su iya cinsa haka. Domin a sayar da shi, sai a cika shi da sukari. Cakulan mai madara, kusan rabin nauyinsa sukari ne. Baƙin cakulan, wanda aka rubuta masa koko kashi 70 cikin 100 ko fiye, shi ne mai ƙarancin sukari, amma yana da tsada, da wuya kuma a same shi a kasuwar ƙauye. Alewar cakulan mai araha da yara suke saye a bakin makaranta, sau da yawa sukari ce da man girki, da koko ɗan kaɗan don launi. A shekarar 2024 kuɗin koko a kasuwar duniya ya haura dala 10,000 tan ɗaya saboda rashin albarkar gonaki a Gana da Kwaddibuwa, wasu masu yin cakulan kuwa suka ƙara rage kokon da suke sawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da babban mutum yake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce wajen giram 50 a rana, wato cokalin shayi 12. In ya tsaya a cokali 6, ya fi kyau. Yanzu sai mu yi lissafi. Garin gwangwani yana da sukarinsa tun daga masana'anta. Mai shayi ya ƙara madarar gwangwani mai zaƙi, ya kuma jefa ƙwayar sukari uku ko huɗu. Kofi ɗaya ya kusa cinye rabon yini duka, tun ba a kai ga lemon kwalba ba.

Sukari mai yawa yana ruɓar da haƙora, musamman in yaro ya kwana da shi a baki. Yana kawo ƙiba, ƙiba kuwa tana buɗe wa ciwon sukari da hawan jini ƙofa. Ga ƙaramin yaro kuma, zaƙi yakan toshe masa ciki ya ƙi tuwo da miya, ya saba da zaƙi har ya raina kunun gida. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu magana.

Masu karnuka kuma su yi hankali. Jikin kare ba ya iya fitar da tiyobiromin da sauri kamar na mutum. Cakulan, musamman baƙin, yana iya sa kare amai da rawar jiki, har ya kashe shi.

TO, ME ZA MU YI?

1. Mu karanta jikin gwangwani ko takarda kafin mu saya. Ana jera abin da aka haɗa bisa ga yawansa, wanda ya fi yawa shi ne a farko. In ka ga sukari ya riga koko, ka san abin da kake saye. Wanda bai iya Turanci ba ya ba ɗan makaranta ya duba masa.

2. Jariri nonon uwa kaɗai zai sha har wata 6. Yaron da bai kai shekara 2 ba, kada a saba masa da kayan zaƙi.

3. Kada mu sayar da ƙwai, gyaɗa, wake ko waken soya don mu sayi kayan gwangwani wa yara. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na waken soya abinci ne mai gina jiki, gyaɗa kuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da yaro mai girma yake bukata yana cikin rumbunmu.

4. In an sami garin koko tsantsa marar sukari, ana iya zuba ƙaramin cokali ɗaya a kunun gyaɗa ko madarar soya, a sa sukari kaɗan. Ga ƙanshi, ga abinci.

5. Bayan shan zaƙi a wanke baki da asawaki ko buroshi, tun ba da dare ba.

6. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar ma'aikacin asibiti kafin ya sa waɗannan abubuwa cikin abincinsa.

Ba cewa nake yi a daina shan cakulan ba. Ni ma ina sonsa har yau. Ranar Kirsimati, ko ranar biki, ko sa'ad da baba ya dawo daga birni, a raba wa yara su yi murna, ba laifi. Kayan marmari ne, a bar shi a matsayinsa.

Uwargidan nan da na ambata, mun shawarta da ita da maigidanta su kai yaron asibiti a duba shi, suka kuwa kai shi. Ta fara dafa masa ƙwai ɗaya kowace rana, tana dama masa kunun gero da garin soya da gyaɗa, tana sa zogale a miya. Da na koma bayan wata uku, na tarar da shi yana bin awaki da gudu a ƙofar gida. Gwangwanin kuwa yana nan a kan kanta, ta zuba irin kuɓewa a ciki.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro mai zuwa, a kuma gayyaci mata su zo. Kowane gida ya lissafta nawa yake kashewa a kan kayan zaƙi a wata, sa'an nan a gwada da kuɗin mudun soya a kasuwarku. A aiko mana da abin da kuka samu.