Oda Ce Daga Sama: Yaushe Take Zama Doka?

Wata safiya cikin Fabrairun 2023 na tsaya wurin mai ƙosan bakin layinmu, na miƙa mata tsohuwar ɗari biyar. Ta juya ta gaba da baya, ta miƙo mini abata.

"Malam, yi haƙuri, an ce ta daina aiki. Ni ma jiya mai wake bai karɓa a hannuna ba."

"Iya, wa ya ce?"

"Gwamnati mana. Ai doka ce."

Haka na koma gida da kuɗina a aljihu, yara suka sha koko zalla. Abin da ni da ita ba mu tsaya mun lura da shi ba, wannan "doka" da ta tsayar mata da ciniki babu ranar da aka karanta ta a zauren majalisa, babu sanatan da ya ɗaga hannu a kanta. Sanarwa ce da gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya yi ranar 26 ga Oktoba, 2022, da amincewar shugaban ƙasa, cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Amma ta shiga ɗakin kowa, har ta leƙa tukunya, abin da dokoki da yawa da aka yi wa karatu uku a majalisa ba su taɓa yi ba.

Yawancin dokokin da muke cin karo da su kullum irin wannan ne. Sashe na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora ikon yin doka a hannun Majalisar Tarayya da majalisun jihohi. Sai dai sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 ba za su zauna suna tattauna abin da za a rubuta a jikin ledar ruwa ba, ko gudun da ya halatta ga tirela tsakanin Kaduna da Zariya, ko takardar da za a nema kafin a sayar maka da layin waya. Ko suna da lokacin, sanin ba nasu ba ne; aikin masu haɗa magunguna ne da injiniyoyi da ma'aikatan kuɗi. Saboda haka sai majalisa ta yi uwar doka, ta kafa hukuma, ta saka wani ɗan sashe da ke cewa hukumar, ko minista, ko shugaban ƙasa, na iya tsara ƙa'idoji don aiwatar da ita. Daga wannan ɗan sashe ake haihuwar 'ya'ya rututu, wato ƙananan dokoki.

Lambar NAFDAC da kake dubawa a jikin kwalin magani daga nan ta fito, domin dokar da ta kafa hukumar a 1993 ta ba ta ikon tsara ƙa'idoji. Yawancin abin da jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra zai tare ka a kansa yana cikin ƙa'idojin hanya na 2012, waɗanda suka fito daga cikin dokar hukumar ta 2007. Wanda ya wayi gari a Afrilun 2022 layinsa ba ya kira saboda bai haɗa shi da lambar NIN ba, umarni ne da ya bi ta hannun hukumar sadarwa ta NCC ya kama shi. A Afrilun 2024 kuwa hukumar NERC ce ta mayar da kuɗin wuta naira 225 kowane yunit ga masu rukunin A, da takarda guda. Haka abin yake har ƙasa: jadawali na huɗu na Tsarin Mulki ya bar wa ƙananan hukumomi kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, su ma kuma suna da nasu dokokin.

Akwai masu raina irin waɗannan ƙa'idoji, su ce ai majalisa ba ta yi ba, takardar ofis ce kawai. Wannan ganganci ne da zai iya kai mutum gidan yari. Sashe na 36 na Tsarin Mulki, ƙaramin sashe na 12, ya ce ba za a kama kowa da laifi ba sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a cikin doka, sannan ya fayyace cewa rubutacciyar doka ta haɗa da dokar Majalisar Tarayya, da dokar jiha, da duk wata ƙaramar doka da aka yi a ƙarƙashinsu. Ke nan alƙali zai yi aiki da 'yar kamar yadda zai yi da uwar.

Mun ga haka da idonmu a lokacin korona. Akwai wata tsohuwar dokar killace masu cuta da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1926, wadda da yawa daga cikin lauyoyi ma sun manta da ita. Ita Shugaba Muhammadu Buhari ya kakkaɓe wa ƙura ranar 30 ga Maris, 2020, ya sa hannu a kan ƙa'idojin da suka rufe Legas da Ogun da Abuja. Ƙarshen Afrilu kulle na tarayya ya iso Kano. Aka rufe kasuwanni, aka kafa kotunan tafi-da-gidanka, aka ci mutane tara. Hukuncin da tsohuwar dokar ta tanada shi ne tarar naira 200 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Naira ɗari biyun ta zama abin dariya a yau, amma wata shidan yana nan yadda yake, ko kwana ɗaya bai ragu ba.

Sai dai kuskuren da ya fi yi mana yawa a nan shi ne kishiyar wancan. Mun saba, duk abin da ya fito daga bakin mai kaki ko mai kujera sai mu ce doka ce. "Oda ce daga sama," shi ke nan an rufe bakin kowa. Alhali ƙaramar doka aron iko ce, kuma wanda aka ara wa abu ba ya wuce iyakar da mai abu ya yanka masa. Idan hukuma ta tsara ƙa'ida a kan abin da uwar dokarta ba ta ba ta ba, ko ta tsallake matakin da aka ce sai ta bi, ko ta yi karo da Tsarin Mulki, to ta wuce gona da iri, kuma kotu na da ikon soke abin da ta yi. Sashe na 1 na Tsarin Mulkin ya faɗa ƙarara cewa duk dokar da ta saɓa masa ba ta da ƙarfi gwargwadon saɓawarta.

Mu koma kan ɗari biyar ɗin Iya mai ƙosai. Babban Banki yana da ikon janye takardun kuɗi, wannan ba a musu. Sashe na 20 na dokarsa ta 2007 ya ba shi, amma da sharaɗi: sai da umarnin shugaban ƙasa, kuma sai an ba jama'a isasshen wa'adi. Sababbin takardun sun fara fita ranar 15 ga Disamba, 2022, aka ce tsofaffin za su mutu ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara kwana goma. Wanda ya kwana a layin na'urar cirar kuɗi a makonnin nan, ko ya ba mai POS kuɗi don ya sayi kuɗinsa, ko ya ga manomi ya karyar da buhun masara saboda mai tsabar kuɗi ɗaya ne a kasuwar, ba sai an gaya masa ko wa'adin ya isa ba. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wasu jihohin suka mara musu baya. Ranar 3 ga Maris, 2023, kotun ta yanke cewa ba a ba da wa'adin da doka ta nema ba, ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar. Kalmomi biyu a cikin uwar doka, "isasshen wa'adi", su suka kayar da tsarin da ya girgiza ƙasa baki ɗaya. Shi kansa bankin sai da ya yi kwana goma kafin ya fito ya ce a bi hukuncin. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ba wannan kaɗai ba ne. A cikin ƙa'idojin aikin 'yan sanda na 1968 akwai ta 124, wadda ta ce 'yar sanda ba za ta yi aure ba sai ta rubuta takardar neman izini wurin kwamishina, ta bayyana wanda za ta aura, kuma sai ta yi shekara uku tana aiki. Namiji kuwa babu mai tambayarsa. Fiye da shekara arba'in ana bin wannan ƙa'ida kamar saukakkiya, har Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke ta a 2012, saboda ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulki da ya hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Haka hana ɗalibai mata sanya hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas: tsarin ma'aikata ne, aka yi ta shari'a daga kotu zuwa kotu, har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗaliban haƙƙinsu a Yunin 2022. A Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke tarar naira 500,000 da hukumar NBC ta ci kowace ɗaya daga cikin tashoshin watsa labarai 45 a 2019, ta ce hukuma ba kotu ba ce da za ta zama ita ce mai ƙara kuma ita ce alƙali. Lokacin da aka rufe Twitter a Yunin 2021, har aka yi barazanar gurfanar da masu amfani da ita, tambaya ɗaya lauyoyi suka riƙa yi: a ƙarƙashin wane sashe? A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar ba ta bisa doka.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya cire hula a gaban jami'i a bakin titi yana cewa odarsa haramtacciya ce. Ba kai ne za ka soke ƙa'ida ba, kuma muddin kotu ba ta taɓa ta ba, cizonta na nan. Duk shari'o'in da na ambata, a gaban alƙali aka ci su, da takarda a hannu. Gardamar titi ba ta haifar da komai sai fasasshen gilashi da sabuwar tuhuma.

Abin da ke hannunka shi ne tambaya cikin ladabi, da adana shaida. Ka ɗauka kana zaune a rumfarka, wani ya zo da riga mai tambari da ɗan littafin rasit, ya ce an ƙara kuɗin shara daga yau. Ba zagi, ba ɗaga murya: "Yallaɓai, wace hukuma ce ta sa? A wace doka yake? In na biya, asusun wa zai shiga?" Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan, ko bai san sashen ba zai nuna maka ofishin da za ka je. Wanda ya hau faɗa, ko ya ce a rage a biya ba rasit, ya riga ya ba ka amsa. In ya zama dole ka biya, to ka biya, amma ka karɓi rasit mai suna da kwanan wata da adadi. Ƙa'ida ta gaskiya tana da take da shekara, galibi kuma ana buga ta a gazet ɗin gwamnati. Sakular da aka manna a bango ba sa hannu, ko saƙon da ke yawo a WhatsApp, ba su kai wannan matsayi ba har sai an ga tushensu.

Hanyoyin bin kadi ma suna nan, ba duka ne ke cin kuɗi ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar tarayya ka nemi kwafin ƙa'idar da take aiki da ita, kuma kwana bakwai doka ta ba ta ta amsa. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofisoshi a jihohi, kai kuka wurinta kyauta ne. Idan abin ya taɓa haƙƙinka na ɗan'adam, akwai hanya ta musamman mai sauri a kotu, bisa ƙa'idojin 2009 da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya tsara. Su ma, in ka lura, ƙaramar doka ce. Ashe maganin ma daga gidan yake fitowa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yin waɗannan ƙa'idoji ba mu a wurin. Kudurin majalisa ko ba komai ana jin hayaniyarsa a rediyo. Ƙaramar doka kuwa a ofis ake rubuta ta, da Turancin lauyoyi, sai ranar da ta fara aiki talaka zai ji ta a jikinsa. Alhali hukumomi irin su NCC da NERC sukan fitar da daftari su kira taron jin ra'ayin jama'a kafin su zartar. Kamfanoni kan turo lauyoyinsu su cika kujerun gaba. Ina ƙungiyar 'yan kasuwa? Ina ta direbobi da masu adaidaita sahu da masu gidajen burodi? Kuɗin da ake tarawa bayan hukuma ta rufe shaguna, rabinsa ya isa a ɗauki lauya ɗaya ya karanta daftarin tun yana takarda, ya kai ƙorafi a rubuce. Gidajen rediyonmu kuma, da suke da shirye-shiryen siyasa safe da yamma, su ware ko rabin awa a mako su riƙa fassara mana sababbin ƙa'idoji da Hausa, su faɗi hukumar da ta yi su da sashen da ta dogara da shi.

Kai kuma mai karatu, duk ranar da wata oda ta taɓa dukiyarka ko sana'arka, ka rubuta kwanan watan a wuri mai kyau, ka nemi shawarar lauya da wuri. A galibin ƙararrakin da ake kai jami'an gwamnati kan abin da suka yi a bakin aiki, wata uku kacal doka ta ba ka. In ya wuce, ko kana da gaskiya, kotu na iya ƙin sauraronka.