Tazarar Da Ke Tsakanin Masu Raba Lamba: Abin Da Take Tonawa

Kowane ɗalibin sakandare ya san cewa lambobin da ke raba 12 ba tare da saura ba guda shida ne: 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Abin da ba kasafai ake dubawa a aji ba shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Daga 1 zuwa 2 taki ɗaya ne, haka daga 2 zuwa 3, haka daga 3 zuwa 4. Daga 4 zuwa 6 taki biyu ne, daga 6 zuwa 12 kuwa taki shida. Ke nan tazarar ita ce 1, 1, 1, 2, 6. Wannan ɗan jeri da ake gani kamar wasan yara yana ɗauke da bayani mai yawa game da lambar da ta haife shi.

Tsani Daga 1 Zuwa Lamba

Idan aka tara tazarar nan za a sami 11, wato 12 ba ɗaya. Wannan ba dace ba ne. Masu raba lamba tamkar matakan tsani suke, wanda ƙafarsa ke kan 1, kansa kuma ke kan lambar. Duk yadda aka jera matakan, tsawon tsanin ba ya canjawa. Saboda haka jimlar tazarar kowace lamba ita ce lambar a ɗebe ɗaya.

Taki na farko da na ƙarshe su ma suna da labari. Akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. A nan za a kira su gagara-rabo. Idan aka ƙara ɗaya a kan takin farko, za a sami gagara-rabo mafi ƙanƙanta da ke raba lambar. Alal misali, masu raba 21 su ne 1, 3, 7, 21, tazararsu 2, 4, 14. Takin farko 2 ne, shi ya nuna 3. Takin ƙarshe kuwa kullum shi ne mafi girma, domin ba ya kasa rabin lambar. A tsakiya ne tsari ke dagulewa: a tsanin 60, daga 6 zuwa 10 taki huɗu ne, amma daga 10 zuwa 12 sai ya koma biyu.

Kasafi Da Lambar Shaidarsa

Mai tumatir a kasuwa da ke da guda biyar yana iya kasa su ta hanya bakwai: 5, 4+1, 3+2, 3+1+1, 2+2+1, 2+1+1+1, da 1+1+1+1+1. Irin wannan rubuta lamba a matsayin jimlar wasu lambobi, ba tare da kula da wadda ta riga wata ba, shi ne kasafi a fannin lissafi. Leonhard Euler ya yi nazarinsa a ƙarni na 18, sannan a 1918 G. H. Hardy na Ingila da Srinivasa Ramanujan na Indiya suka fito da hanyar ƙiyasta yawansa. Yawan nan yana hauhawa da sauri ƙwarai: 11 tana da kasafi 56, amma 100 tana da 190,569,292.

Tazarar 12, wato 6+2+1+1+1, ɗaya ce tak daga cikin kasafi 56 na 11. Haka kowace lamba daga 2 zuwa sama take zaɓar kasafi guda nata na kanta.

Akwai dabarar da ake dunƙule kasafi duka ya zama lamba ɗaya. Sai a jera gagara-rabo bi da bi: 2 ce ta farko, 3 ta biyu, 5 ta uku, 7 ta huɗu, 11 ta biyar, 13 ta shida. Kowane kashi a musanya shi da gagara-rabon da ke matsayinsa, sannan a ninka su. Tazarar 12 sai ta koma 2 × 2 × 2 × 3 × 13, wato 312. Masana na kiran irin wannan sakamako lambar Heinz. Amfaninta shi ne ana iya komawa baya, domin hanya ɗaya kawai ake iya farfasa 312 zuwa gagara-rabo. Daga nan a gano kasafin, a tara shi, a ƙara ɗaya, sai ga 12 ta dawo.

Hasashen Erdos

A 1948 Paul Erdos, shahararren masanin lissafi ɗan ƙasar Hangare, ya yi hasashen cewa kusan dukkan lambobi suna da masu rabawa guda biyu makusantan juna, yadda babban bai wuce ninki biyu na ƙaramin ba. Lamba 15 ta cika wannan sharaɗi, domin tana da 3 da 5. 21 kuwa ba ta cika ba. Abin da Erdos ke nufi shi ne, yayin da ake ƙara nisa cikin ƙidaya, kason lambobi irin su 21 yana ta raguwa har ya kusa zama babu. Maganar tana da sauƙin faɗi, amma sai a 1984 Helmut Maier na Jamus da Gerald Tenenbaum na Faransa suka kafa mata hujja, bayan shekara 36.

Inda Tazara Ke Zama Haɗari

A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka ƙirƙiro tsarin ɓoye saƙo na RSA a Amurka, wanda har yau ake amfani da shi a intanet. Makullinsa wata ƙatuwar lamba ce da ake samu ta ninka gagara-rabo biyu. Masu raba ta huɗu ne kacal, tazara kuma uku. Tsaron makullin ya dogara ga wuyar gano biyun da ke tsakiya.

Tun a ƙarni na 17 Pierre de Fermat na Faransa ya nuna cewa idan biyun nan suna kusa da juna, asiri ya tonu. A ɗauki 9991. Tana dab da 100 × 100, wato 10,000, kuma bambancinsu 9 ne, wato 3 × 3. Nan take an san masu raba ta: 100 a ɗebe 3, da 100 a ƙara 3, wato 97 da 103. Tazarar shida da ke tsakaninsu ita ta ba da su.

Wannan ba labarin littafi ba ne kawai. A 2022 wani mai bincike Bajamushe, Hanno Bock, ya gano cewa makullan da wasu na'urorin buga takardu ke ƙerawa suna fasuwa da wannan tsohuwar dabara, saboda gagara-rabonsu sun yi kusa da juna. Tsawon makulli ba ya ceton sa idan tazarar tsakiya ta yi kaɗan.

Malami na iya gwada wannan darasi da allo da alli kawai. A ba ɗalibai 28 su jera masu raba ta, su fitar da tazarar, su tabbatar jimlarta 27 ce. Daga nan a ba su 261, su farfasa ta, su gano lambar da ta ɓuya a cikinta.