Gwarzon Da Ba Ya Cin Gyaɗa

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka, watau wasan da mutane ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, alƙalin wasa yana jan labari, ana jefa ƙwaya irin ta lido don a san wanda ya yi nasara. Wasannin da suka biyo baya, kamar Champions na 1981 da GURPS na 1986, suka ƙara wata dabara: wanda ya yarda a ɗora wa jaruminsa wani lahani, sai a biya shi da maki, ya sayi ƙarfi ko wayo.

To, nan fa ake rigima. Wani sai ya ce jaruminsa yana da borin jini, amma abin da jikin nasa ba ya ɗauka wani tsiro ne da ba za a taɓa cin karo da shi a labarin ba. Ya karɓi maki ke nan a ɓagas, abokan wasa kuwa an cuce su. Shi ya sa GURPS ya ɗaura farashin lahani a kan yawan abin. Alal misali, a ce labarin a Lafiya yake, jarumin kuma ba ya shiri da gyaɗa. Ga ƙuli-ƙuli a kasuwa, ga man gyaɗa a miya, ga yajin tsire, ga kunun da za a kawo wa baƙo wanda ƙin sha abin kunya ne. Wannan jarumi ya cancanci maki mai tsoka, gama kowace fita sai ya yi lissafi.

Amma kuma alƙalin da ya riƙa cusa gyaɗa a kowane kwano don ya kashe jarumi, shi ma ya ɓata wasa, ba wanda zai sake zama teburinsa.

Maroƙan Mali sun daɗe da gane ma'aunin. Sumanguru, sarkin Soso, ƙarfe ba ya cinsa, lagonsa ɗaya ne tak, ƙayar ƙafar farin zakara. Zakara kuwa ba gidan da babu shi, asirin ne ke da tsada. Sai da 'yar'uwar Sunjata ta shiga gidan sarkin ta jiyo shi, sa'an nan aka ɗaura ƙayar a bakin kibiya, aka ci shi da yaƙi a Kirina wajen shekarar 1235.