Daga Huhun Goro Zuwa Matatar Mai: Tarihin Gidan Ɗantata da Ɗangote

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Dirin Daji ta Ƙaramar Hukumar Sakaba a masarautar Zuru, ya zaga rumfunan masu kayan masarufi, da wuya ya fita bai ga sunan Ɗangote a jikin buhun sukari ko na gishiri ba. In ya leƙa wajen masu kayan gini zai iske sunan a buhun siminti, da damina kuma ya gan shi a buhun takin zamani. Mafi yawan ɗalibai sun ɗauka wannan dukiya aikin mutum ɗaya ce. Alhali kuwa tushenta ya haura shekara 100, ya kuma ratsa zuriya huɗu ta gida guda a birnin Kano. Abin da zai fi jan hankalin ɗalibin kimiyya shi ne, kusan kowane mataki na wannan tarihi ya rataya ne a kan wani tsiro, ko ƙwaro, ko wata ƙanƙanuwar halitta da ido ba ya gani.

Goro da Fatauci

An haifi Alhassan Ɗantata a garin Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin nesa. An ce sunan Ɗantata ya samo asali ne daga Tata, matar da ta rene shi. Babbar hajar fatake a wancan zamani ita ce goro, wanda ake sarowa daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu. Wasu daga cikin hanyoyin ayarin sun bi ta ƙasashen da ke cikin Jihar Kebbi a yau, ta Jega da Yawuri, kafin su ƙetare kogin Kwara.

Itacen goro ɗan kurmi ne, ba ya rayuwa sai inda ruwan sama ya wadata, amma masu cinsa sun fi yawa a ƙasashen da ba ya tsirowa. Ƙwayar goro kuma abu ce mai rai, tana numfashi, tana rasa ruwan jikinta. In ta bushe ta yi tauri, darajarta ta faɗi. In laima ta yi mata yawa ta yi funfuna. Saboda haka fatake ke naɗe goro cikin ɗanyen ganye, su yi huhu, suna kwancewa a hanya suna tsince wanda ya lalace, suna yayyafa ruwa. Tafiyar jakai takan ɗauki watanni, kowace rana kuwa asara ce.

Alhassan na cikin Hausawan farko da suka gane cewa ribar goro tana cikin gajarta kwanakin tafiya. A farkon ƙarni na 20 ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gana zuwa Legas. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai hanyar ta haɗe tun daga kurmi har zuwa kasuwar Kurmi.

Gyaɗa da Dalarta

Turawan mulkin mallaka sun yi fatan jirgin ƙasa zai riƙa kwasar musu auduga ne daga Kano. Manoma suka yi nasu lissafin, suka zaɓi gyaɗa. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, masana'antun Turai kuma suna bukatarsa don yin sabulu da man shafa wa burodi. Gyaɗa tana son ƙasa mai rairayi irin ta Kano da Katsina, domin bayan furenta ya ɗauki ciki a sarari, sai wani siririn tsinke ya fito daga gindin furen ya nutsa cikin ƙasa, a can ne kwanson yake girma. Haka kuma a jikin saiwarta akwai 'yan ƙulle-ƙulle da wasu bakteriya ke zaune a ciki, suna kamo iskar naitirojin su mayar da ita abincin tsiro. Wannan ya sa gyaɗa ke yi a gonar da dawa ta gaza, har ta bar wa shukar baɗi sauran albarka. In ba gyaɗar ce ta yi kyau ba, ga harawa ga dabbobi.

A 1918 Kamfanin Neja na Turawan Ingila ya ɗauki Alhassan Ɗantata a matsayin mai saya masa gyaɗa. Tun da yana da yara da wakilai a ƙauyuka tun zamanin goro, cikin 'yan shekaru ya zarce kowa. Jirgin ƙasa ba ya iya kwashe amfanin shekara a lokaci guda, don haka aka riƙa jera buhuna tsibi-tsibi, ana lulluɓe su da tamfol. Wannan ita ce dalar gyaɗa, wadda ɗaya kan ɗauki buhu wajen 15,000. Busasshiyar iskar hunturun Kano ita ta ba da damar ajiye gyaɗa a fili haka ba ta ruɓe ba. An ruwaito cewa lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Ya rasu a watan Agusta na 1955, ana yi masa kallon wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Sau da yawa rabon gado ne ajalin kasuwancin gida, domin tsintsiya in aka kwance ta ba ta shara. An ce kafin rasuwarsa ya yi wa 'ya'yansa wasiyya da su riƙe zumunci, kada su bari kamfanin ya wargaje. 'Ya'yan, irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu, suka ci gaba da harka. A hannun Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025, gidan ya faɗaɗa zuwa gine-gine, da shimfiɗa hanyoyi ta kamfanin Dantata & Sawoe, da sufuri, da harkar mai.

Yadda Dala ta Rushe

A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Cikin shekara 15 wannan matsayi ya kuɓuce. Da farko, a 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Bincike ya gano dafin afulatoksin, wanda wata funfuna mai suna Aspergillus flavus ke zubawa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, yana kuma haddasa sankarar hanta. Daga nan ƙasashen Turai suka tsaurara sharuɗɗan saye. Sai fari ya auka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970. A 1975 kuma annobar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Ƙwayar bairos ce ke kawo cutar, darɓa ce kuma ke ɗaukar ta daga tsiro zuwa tsiro yayin da take tsotsar ruwan ganye. Ga shi kuma kuɗin man fetur sun ɗauke hankalin hukuma daga noma. Daga baya masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sun fitar da irin gyaɗa mai jure wa cutar, amma dala ba ta sake tashi ba.

Daga Saye da Sayarwa Zuwa Masana'anta

A daidai wannan lokaci ne Aliko Ɗangote ya shigo kasuwa. An haife shi a Kano a 1957. Mahaifiyarsa, Hajiya Mariya, 'yar Sanusi Ɗantata ce, wato shi tattaɓa-kunnen Alhassan ne ta wajen uwa. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya tashi a hannun kakansa Sanusi. Bayan karatu a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, ya fara kasuwanci a 1977 da jarin da ya ranta daga kawunsa. Ya koma Legas, ya shafe kusan shekara 20 yana shigo da shinkafa da sukari da siminti yana rarrabawa.

A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin ya sauya alƙibla zuwa sarrafa kaya a cikin gida. Aka kafa matatar sukari a Apapa, aka sayi gonar rake da masana'antar sukari ta Savannah da ke Numan a Jihar Adamawa, aka shiga tace gishiri da niƙa alkama. Ba kowace harka ce ta ɗore a hannun gidan ba. Kamfanin fulawar, alal misali, an sayar da shi ga kamfanin Olam a 2019.

Siminti Daga Ƙasan Teku

Siminti ne ya zama ƙashin bayan rukunin. An sayi kamfanin siminti na Gboko a Jihar Binuwai a 2000, masana'antar Obajana ta Jihar Kogi ta fara aiki a 2007, ta Ibese a Jihar Ogun ta biyo baya a 2012. Daga nan aka kafa wasu a Habasha, da Zambiya, da Sanagal, da Kamaru, da Tanzaniya.

Babban sinadarin siminti shi ne dutsen farar ƙasa. Irin wanda ake haƙa a Gboko da Ibese, asalinsa ɓawon dodon koɗi ne da ƙwarangwal na ƙananan halittun teku, waɗanda suka taru a ƙasan ruwa miliyoyin shekaru da suka wuce, lokacin da teku ya malale waɗannan wurare. Haka dutsen Kalambaina na Sakkwato yake, inda kamfanin BUA na Abdussamad Isyaka Rabi'u, shi ma ɗan wani gidan kasuwanci na Kano, ke yin nasa simintin. Ana niƙa dutsen tare da yumɓu, a gasa a wata doguwar tanda mai juyawa har zafi ya kai digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas. Zafin kan kori iskar kabon daga dutsen, saura ya dunƙule ya zama ƙwallaye, a niƙa su da ɗan dutsen jifsam. Wannan iskar da ke fita ita ta sa masana'antun siminti ke cikin masu ƙara ɗumamar yanayi.

Manufar gwamnati ta taƙaita shigo da siminti, wadda aka soma a 2002, ta taimaka wa wannan bunƙasa ƙwarai. Nijeriya ta daina dogara da simintin waje, har tana kai wa maƙwabta. Sai dai masu suka na cewa kasuwar ta koma hannun kamfanoni uku kacal, wato Dangote da BUA da Lafarge, mai ƙaramin gini kuwa bai ga sauƙin farashin da aka yi masa alkawari ba.

Taki da Man Fetur

A watan Maris na 2022 aka buɗe masana'antar taki a Lekki, wadda aka tsara ta samar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ce, amma tsiro ba ya iya amfani da ita a haka. Bajamushe Fritz Haber ya gano hanyar haɗa ta da haidirojin a 1909, Carl Bosch ya mayar da hanyar ta masana'anta a 1913. A Lekki ana ciro haidirojin daga iskar gas, a haɗa da naitirojin cikin zafin da ya haura digiri 400 da matsi mai tsanani, a samu amoniya, daga ita a yi yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne. Aikin nan shi ne dai bakteriyar saiwar gyaɗa ke yi a gonakin Dirin Daji, cikin ɗumin ƙasa kawai, ba tare da tanda ba. Manomin da ke juya dawa da gyaɗa ko wake yana rage wa kansa kuɗin taki ke nan.

Kusa da masana'antar takin aka gina matatar mai, wadda aka ƙaddamar a watan Mayu na 2023, da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana bisa tsarin gininta. Ta fara fitar da man dizal da na jirgin sama a farkon 2024, fetur kuma a watan Satumba na shekarar. Shi ma ɗanyen mai ragowar ƙananan halittun teku ne da zafi da nauyin ƙasa suka narkar. Ana dafa shi ne a doguwar hasumiya, kowane ɓangare ya rabu gwargwadon zafin da yake tafasa: gas da fetur a sama, kananzir da dizal a tsakiya, mai kauri a ƙasa.

Darasin Tumatir

A 2016 rukunin ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa ta Jihar Kano, mai iya cin tan 1,200 a rana. Cikin 'yan watanni injuna suka tsaya. Wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta auka wa gonakin Kano da Kaduna da Katsina. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta ɓulla a Sifen a 2006, daga can ta bazu zuwa Afirka. Tsutsar kan shige tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ta yi ta ci daga ciki, inda maganin feshi ba ya kai mata sosai. Ko bayan annobar, masana'antar ta yi ta buɗewa tana rufewa saboda ƙarancin tumatir. Haka nan yawancin ɗanyen sukarin da ake tacewa a Apapa daga Birazil ake kawo shi, domin raken da ake nomawa a gida bai kai ko kusa da bukata ba.

Kammalawa

Abin da darɓa ta yi wa gyaɗa a 1975, shi tsutsa ta yi wa tumatir a 2016, duk da bambancin jari da na'urori. Masana'anta, komai girmanta, tana jiran abin da gona ta bayar ne, gona kuma tana bukatar wanda ya san iri, da ƙasa, da cuta. A 2025 Aliko Ɗangote ya sauka daga shugabancin hukumar daraktocin kamfanonin sukari da siminti, 'ya'yansa mata kuma suna riƙe da manyan muƙamai a rukunin, don haka tambayar da ta fuskanci gidan a 1955 ta sake dawowa ga zuriya ta biyar.

Malamin kimiyya ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada kafin ya koyar da wannan tarihi. Ya isa ɗalibai su tuge gindin gyaɗa ɗaya a gonar makaranta, su wanke saiwar, su tsaga ƙullin da ke jikinta da reza. In cikinsa ja-ja ne, bakteriya na kan aiki. Daga nan su karanta lambar 46 da ke jikin buhun yuriya, su lissafa kilo nawa na naitirojin ke cikin buhu mai kilo 50.