Murar 'Ya'yan Kyanwa: Yadda Ake Jinyarsu a Gida

Da zarar hunturu ya kankama a Sakkwato, wato daga watan Disamba zuwa Fabrairu, ƙura da sanyin asuba sukan addabi mutane da dabbobi baki ɗaya. Cikin dabbobin gida kuwa, 'ya'yan kyanwa, wadda Sakkwatawa ke kira mussa, suna daga cikin masu shan wuya. Akan ga ɗan kyanwa yana atishawa, majina na zuba, idanu sun manne da kwantsa, ya kuma juya wa abinci baya.

Sanyi da ƙura ba su ne ke haddasa wannan mura ba, sai dai su tsananta ta. Mafi yawanta ƙwayoyin cuta iri biyu ne na dangin bairos ke kawo ta. Ta farko ita ce hafis ta kyanwa, wadda ke kama ido da hanci, kuma takan ɓuya a jijiyar fuska har tsawon rayuwar dabbar, ta sake tasowa idan jiki ya raunana. Ta biyu ita ce kalisi, wadda ke fitar da gyambo a harshe. Suna yaɗuwa ta majina, miyau da kwanon abinci, amma ba sa kama ɗan Adam.

Abin lura shi ne, kyanwa da hanci take fara cin abinci. Idan hanci ya toshe, ba ta jin ƙanshi, don haka ba za ta ci ba. Ɗan kyanwa kuwa ba shi da kitsen da zai jure yunwa, ruwan jikinsa ma ba ya da wuyar ƙarewa. Saboda haka sau da yawa yunwa da ƙishirwa ne ke kashe shi kafin cutar kanta. Jinya duka ta rataya ne a kan buɗe hanci, ciyarwa da ɗumama jiki.

Da farko a tafasa rabin litar ruwa da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bar shi ya huce. Da shi za a jiƙa auduga a riƙa share hanci da idanu sau uku ko huɗu a rana, kowane ido da audugarsa. Sirace ma yana taimakawa: a sa ɗan kyanwar cikin kwando, a ajiye kwanon ruwan zafi a gefe inda ba zai taɓa shi ba, a lulluɓe su da zane na minti 10.

Wajen abinci, a ba shi mai laushi da ƙarfin ƙanshi, kamar kifin gwangwani ko dafaffen naman kaza, a ɗan ɗumama, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Kada a sa albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Madarar shanu kuma takan sa ta zawo. A shimfiɗa masa tsumma a ɗakin da iska ba ta kaɗawa, nesa da hayaƙin murhu da turaren wuta, a kuma raba shi da sauran kyanwoyi.

Babban kuskure shi ne ba shi maganin mutane. Farasitamol guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, ko ɓarin ƙwaya ɗaya yana iya hallaka ta. Magungunan kashe bakteriya kuwa ba sa taɓa bairos. Likita ne kaɗai zai san lokacin da ake bukatarsu.

Yawanci akan warke cikin mako ɗaya zuwa uku. Amma idan ɗan kyanwa ya yini bai ci komai ba, ko yana numfashi da baki a buɗe, ko idonsa ya kumbura ya yi hazo, to jinyar gida ta kai iyakarta. Sai a garzaya wurin likitan dabbobi, kamar Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, domin jinkiri na iya jawo makanta. Akwai kuma allurar rigakafi da ake farawa daga mako 8 ko 9 da haihuwa, a maimaita bayan mako uku ko huɗu. Ba ta hana kamuwa kwata-kwata, amma tana rage tsananin ciwon ƙwarai.